Yadda muka tsara jerin mazugan silalom a Jos, daga neman fili har zuwa aika takardar awo Abuja

Silalom a kan allon zamiya, wato allon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake tsayawa a kansa, wasa ne mai sauƙin bayani: a jera mazugan roba a kan kwalta, mai wasa ya ratsa tsakaninsu, wannan ta dama wancan ta hagu, ana riƙe masa lokaci, duk mazugin da ya ture a ci shi tarar ƙarin lokaci. Wahalar tana wajen jera mazugan, sannan tana wajen rubuta jerin ta yadda mutanen da ba su taɓa taka filinka ba za su shimfiɗa irinsa sak a garinsu. Mun bi wannan hanya daga farko har ƙarshe a nan Jos, ni da 'yan ƙungiyarmu, kuma ga yadda ta kasance daki-daki domin wanda zai biyo baya ya rage wa kansa kai-komo.

Fili muka fara nema kafin takarda da biro. Jos gari ne na tudu da gangare, har mutum zai ɗauka ko'ina ma ya yi, amma yawancin gangaren da ke burge ido sun yi tsanani, ko kuma ƙarshensu mahaɗar titi ce. Titin gwamnati dama mun cire shi daga lissafi, domin rufe shi sai da izinin hukuma, kuma keke napep ba ya jiran kowa. Muka riƙa duba harabar makarantu da wuraren ajiye motoci na ɗakunan taro, daga wajen Rayfield zuwa hanyar Zariya. Abin da muke so shi ne tsawon da ya haura mita 100, faɗin aƙalla mita 6, kwalta ko kankare mai laushi, da gangare tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Harabar da aka shimfiɗa wa intalok ba ta da amfani ko da ta yi kyau a ido, saboda gaɓoɓin suna girgiza taya har ta daina kama ƙasa a tsakiyar kwana. Haka wurin da motoci suka ɗiga baƙin mai, da layukan fenti masu santsi. Ido ba ya auna gangare daidai, don haka muka ari dabarar magina: tiyo mai garai-garai kamar mita 12, a cika shi da ruwa, mutum biyu su tsaya da tazarar mita 10, kowa ya auna daga ƙasa zuwa inda ruwan ya tsaya a bakinsa. Idan bambancin santimita 30 ne, gangaren kashi 3 ne. Mun auna a sama da tsakiya da ƙasan filin, sannan muka auna a kwance daga gefe zuwa gefe, domin kusan kowace haraba an karkatar da ita zuwa magudanar ruwa, kuma wannan karkatar ce ke sa kwanar gefe ɗaya ta fi ɗayar wuya.

Wani abu da ya kamata mai zuwa ya sani: a garin nan, samari da tef ɗin awo a harabar mutane da sassafe abin tambaya ne. Kafin mu warware tef a filin da muka zaɓa, wato wurin ajiye motoci na wani ɗakin taro, sai da muka gaida mai gadi muka nuna masa allon. Ya jujjuya shi ya ce, "To 'ya'yana, ni dai ba ni da iko, sai kun ga manaja." Muka ce, "Baba, awo kawai za mu yi yau, ba za mu hau ba." Ya yarda da wannan, ya tsaya yana kallonmu har muka gama.

Ofishin manaja shi ya fi cin lokaci. Zuwan farko sakatariya ta ce a kawo a rubuce. Muka je shagon buga takardu aka buga mana wasiƙar neman izini kwafi biyu, ɗaya mu bari ɗaya a buga mana hatimin shaidar karɓa mu riƙe. Wannan kwafin mai hatimi kada a raina shi, shi ake nuna wa mai gadin da ya canji wani. Bayan an karɓa sai shiru, yau manaja ya yi tafiya, gobe ana shirin biki, har zuciya ta fara karaya. Da muka samu ganinsa bayan wasu makonni, tambayoyinsa uku ne: wa zai ɗauki alhaki idan wani ya ji ciwo, me za mu yi wa kwaltarsa, kuma yaushe za mu riƙa zuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, alli kaɗai za mu sa, ba fenti ba ƙusa, kuma babu mai hawa sai da hular kwano." Ya ce a rubuta hakan a sa hannu. Muka dawo da takardar alkawari, da kwafin katin shaidar mutum biyu daga cikinmu, da takardar amincewar iyaye ga duk wanda bai kai shekara 18 ba, da ɗan zanen da ke nuna ɓangaren harabar da za mu yi amfani da shi. Asabar da Lahadi ba namu ba ne saboda bukukuwa da taruka, aka ba mu Talata da Alhamis daga ƙarfe 6:30 zuwa 9 na safe. Bai karɓi kuɗin haya ba, amma mun saba ba mai gadi na goro duk mako. Da duk waɗannan takardu sun tafi tare da wasiƙar farko, da an gama a zama ɗaya.

Daga nan sai kayan aiki. Mazugin da ake gasa da shi tsayinsa inci 9 ne, wato kusan santimita 23, faɗin gindinsa kusan santimita 14, mara nauyi, kuma ba shi da leɓe a ƙasa. Abin da muka samu a shagunan kayan wasanni na wajen Taminus shi ne mazugan atisayen ƙwallo, tsayin ya yi daidai amma suna da gindi mai kusurwa huɗu. Wannan gindin haɗari ne, domin taya na iya taka shi ta janyo mazugin ƙarƙashin allo, sai ka ga mutum a ƙasa. Muka sa almakashi mai ƙarfi muka yanke shi zagaye. Manyan mazugan kan titi ba sa yi sam, haka faifan nan masu kama da faranti, domin ba sa faɗuwa balle a san an taɓa su. Mun sayi guda 50, da tef mai mita 50, da ƙaramin tef na ƙarfe mai mita 5, da igiyar magina, da kwalin alli, da tsintsiyoyin kwakwa. Duka ya tasar wa naira dubu hamsin a lokacin, fiye da rabi ya tafi a mazugai, kuma kowa ya san farashi ba ya zama wuri ɗaya. Da iskar hunturu ta fara kwashe mazugan wani ya kawo shawarar a zuba musu yashi ko tsakuwa. Ba mu yi ba. Dole mazugi ya tashi sama idan an buge shi. Abin da ya yi aiki shi ne naɗa salatif zagaye biyu ko uku a gindi, ya ɗan ƙara nauyi ba tare da ya zama dutse ba.

Sai a lokacin muka zauna zane. Ƙa'idojin ƙungiyar silalom ta duniya, ISSA, sun raba wasan gida-gida: akwai matsattse, inda tazarar mazugai ke wajen ƙafa 5 zuwa 7, akwai babba na dogon gangare mai faffaɗar tazara da gudu sosai, akwai kuma gauraye da ke tsakaninsu. Filinmu mita 110 ne da gangaren kashi 3, don haka gauraye mai sauƙi ya dace da mu. Mun fara rabon filin daga ƙasa. Mita 35 na ƙarshe muka ware wa tsayawa, babu mazugi babu mota babu mai kallo, domin wanda ya fito daga mazugin ƙarshe yana kan ganiyar gudunsa. Mita 10 na sama na tura allo ne da ƙafa. Abin da ya rage, mita 65, shi ne na mazugai, kuma ya ɗauki guda 29.

A nan ne ainihin aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Kowane mazugi lamba biyu gare shi: nisansa daga mazugi na farko a kan layin tsakiya, da nisan fitarsa daga layin zuwa dama ko hagu. Mazugai shida na farko mun jera su a miƙe da tazarar mita 1.9, domin mai wasa ya samu kari ya tara gudu da murza ƙugu, kenan na 6 ya faɗo a mita 9.5. Na 7 yana mita 11.7, ya fita dama da santimita 50. Na 8 yana mita 14.1, ya fita hagu da santimita 50. Na 9 ya dawo kan layi a mita 16.5. Dokar da muka bi ita ce duk lokacin da fitar gefe ta ƙaru, tazarar gaba ma ta ƙaru, kuma yayin da ake gangarawa gudu na ƙaruwa, tazarar da ta yi daɗi a sama za ta matse a ƙasa. Shi ya sa layinmu na miƙe na ƙarshe mita 2.1 ne, ba 1.9 ba. Abin da ya fi rikita sababbin masu zane kuwa shi ne lissafin mara da cika. Idan an shiga mazugi na 1 ta damansa, to duk mazugi mai lambar mara, 3 da 5 da 7, ta dama za a wuce shi, masu lambar cika kuma ta hagu. Saboda haka mazugin da aka fitar dama dole ya zama mai lambar mara, ta yadda mai wasa zai zagaya ta bayansa. Idan aka fitar da mai lambar cika zuwa dama, an buɗe wa mai wasa hanya ne kawai, zai wuce a miƙe bai yi kwana ba. Kuma ƙara mazugi ɗaya ko cire ɗaya a tsakiya yana juya duk na bayansa. Don haka idan za a gyara, a ƙara biyu ko a cire biyu, ko kuma a sake duba kowane mazugi har ƙasa.

Akwai kuma batun adalci tsakanin masu sa ƙafar hagu a gaba da masu sa ta dama. Kwanar da wani zai yi ta gefen yatsu, ɗayan ta gefen diddige zai yi ta, kuma yawancin mutane ta diddige ta fi ba su wuya. Muka ƙirga manyan fitar gefe muka daidaita su, huɗu dama huɗu hagu, sannan muka rage santimita 10 daga waɗanda ke ɓangaren magudanar ruwa, tunda can ƙasar da kanta tana jan allo waje.

Ranar shimfiɗawa mun fara da shara, kuma shara ce ta gaske, domin tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar masara ta isa ta tsayar da taya cak. Sanyin safiyar Jos yana barin raɓa a kwalta, tayar roba kuwa ba ta kama jiƙaƙƙiyar ƙasa, don haka awo muke yi har rana ta busar da wurin. Muka ja igiyar magina daga sama zuwa ƙasa a matsayin layin tsakiya, muka kwantar da dogon tef a jikinta da sifili a kan mazugi na 1. Tunda tef ɗin mita 50 ne, mun yi babbar alama a mita 50 muka ci gaba daga nan. Ba mu auna daga mazugi zuwa mazugi ba. Kuskuren santimita 2 a kowace tazara, idan ya taru sau 28, ya haura rabin mita. Kowane awo daga sifili yake. Fitar gefe kuma dole ta tashi a miƙe daga igiya, ba a karkace ba, don haka muka yi amfani da lissafin kafintoci: santimita 60 a kan igiya, 80 zuwa gefe, tsakaninsu ya ba da 100. Inda awon ya faɗa a ɗiga alli, a ɗora tsakiyar mazugi a kai, a zagaye gindinsa da alli, a rubuta lambarsa a gefe. Da'irar nan ita ce alƙali: mazugin da ya faɗi ko ya fice daga da'irarsa gaba ɗaya an ture shi, wanda ya ɗan gusa yana ciki ba a ƙirga shi.

Gwaji ya nuna abin da takarda ta ɓoye. Mun sa mutum uku masu ƙwarewa daban-daban, kowa ya bi sau da yawa, wani yana gefe yana rubuta lambar duk mazugin da ya faɗi. Na 19 da na 20 suka riƙa faɗuwa a hannun kowa, har da wanda ya fi mu iyawa. Idan mutum ɗaya ne ke ture mazugi, matsalar ƙafarsa ce ko saitin allonsa, watakila bushin ɗin gaba, wato robar da ke barin tayoyi su karkata wajen kwana, ya yi tauri ko tazarar tayoyinsa ta yi tsawo. Idan kowa ne, matsalar zanen ce. Da muka sake sa tiyo a wurin, ashe gangaren ya ɗan ƙaru zuwa kashi 4 daidai nan. Mun ƙara santimita 20 a tazarar da ke tsakanin na 18 da na 19, ba ta bayansa ba, domin mazugin da ke faɗuwa galibi laifin wanda ya gabace shi ne, mai wasa ya fito daga can a makare. Gyara ɗaya muke yi a lokaci guda, a sake gwadawa, a rubuta. Wajen lokaci kuwa, tarar da aka fi sani ita ce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kan kowane mazugi, alhali yatsan mai danna agogon waya na iya makara fiye da haka. Sai muka koma ɗaukar bidiyo mai hoto 60 a daƙiƙa, daga wurin da ake ganin layin farawa da na ƙarewa, a ƙirga hotunan daga baya.

Da jerin ya zauna, sai batun rabawa. Wasu abokanmu a Abuja suka ce a turo musu. Hoton fili ba ya wadatarwa, domin kyamara tana matse nesa. Zane ma shi kaɗai bai isa ba: tsawon takardar A4 santimita 29.7 ne, kafin mita 65 ta shiga sai kowace santimita ta wakilci mita 2.5, a nan kuwa fitar gefe ta santimita 30 ta zama ɗigon da bai kai milimita 2 ba. Don haka muka yi jadawali a Excel mai ɗauke da bayani huɗu kan kowane mazugi: lambar mazugi, nisa daga sifili, fitar gefe da harafin D na dama ko H na hagu, da gefen da ake wuce shi. Zanen muka sa a shafi na biyu, muka faɗaɗa shi da gangan, muka rubuta a kai cewa na kallo ne ba na awo ba. Wanda zai karɓi takardar kamar tela yake da aka aiko wa awo daga wani gari, abin da aka rubuta shi zai yanka.

Kafin mu aika, mun ba wani ɗan ƙungiyarmu da bai halarci zanen ba takardar da tef, muka share allin, muka koma gefe muka yi shiru. Tambayoyin da ya yi su ne suka zama bayanan saman takardar. Dama da hagu na wanda ke kallon ƙasan gangare ne ko na wanda ke kallon sama? Muka rubuta: na mai gangarawa. Awo daga tsakiyar mazugi ne ko daga bakinsa? Daga tsakiya zuwa tsakiya, domin gindin santimita 14 idan aka auna baki da baki zai tsawaita kowace tazara da wannan adadin. Tazarar a kan igiya ce ko kai tsaye tsakanin mazugai biyu? Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: tsakanin na 7 da na 8 mita 2.4 ne a kan igiya, amma kai tsaye 2.6 ne. Muka ƙara da gangaren kowane ɓangare, da irin ƙasar, da tsawon wurin turawa da na tsayawa, da girman mazugin, da tarar ture shi, da yawan mazugan da idan an ture an soke gudun. Awo duka a santimita, ba a gauraya da ƙafa ba. Muka mai da shi PDF muka tura ta WhatsApp a matsayin fayil, domin idan aka tura a matsayin hoto manhajar na rage ingancinsa har ƙananan lambobi su dusashe.

'Yan Abuja sun shimfiɗa shi daidai, amma lokutansu ba su yi kusa da namu ba, kuma sun ce manyan kwanonin ƙasa sun gagare su. Dalili a fili yake cikin takardar: harabarsu kusan shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren da zai ba su gudun da aka yi zanen dominsa. Jerin da aka zana wa kashi 3 ba ya zama a kashi 1 sai an rage tazara da fitar gefe, kuma da zarar an rage ya zama wani jeri daban. Domin gasa tsakanin gari da gari sai muka koma ga tsarin da masu wasan a duniya suka daɗe suna amfani da shi, wanda suke kira saiba silalom: fili marar gangare, mazugai 25 a miƙe da tazarar ƙafa 6, ƙafa 15 kafin na farko da ƙafa 15 bayan na ƙarshe, jimla ƙafa 174, wato mita 53 da 'yan kai. A nan ma a kula, ƙafa 6 santimita 183 ce. Wanda ya ce bari ya zagaye ta zuwa 180 ya gajarta layinsa da kusan santimita 70, lokacinsa kuma ba ya cikin lissafi.

Yanzu kowace takarda da muke fitarwa tana ɗauke da suna da lambar bugu da kwanan wata, kuma idan an canza ko da mazugi ɗaya ne sai ta samu sabuwar lamba, a rubuta abin da aka canza a ƙasa. In ba haka ba za a wayi gari mutum biyu suna gardamar lokaci alhali jeri biyu suka bi. Tunda alkawarinmu da manaja ya hana fenti, kuma ruwan daminar Jos ba ya barin alli ya kwana, mun rubuta nisan sifili da ƙarshen igiya daga abubuwa biyu da ba sa motsi, sandar fitila da kusurwar magudanar ruwa. Mun kuma yi wa wata doguwar igiya mara talewa alama da salatif a wurin kowane mazugi, ja na dama, baƙi na hagu, fari na kan layi, da santimitar fitar gefen a rubuce a jiki. Da ita mutum biyu ke mayar da mazugai 29 wurarensu cikin kusan minti 20, sai dai duk wata a kwantar da ita kusa da tef a tabbatar ba ta miƙe ba.